Taku Uku

Duk sandar da ta fito daga hannunsa sai ta yi taku uku kafin ta shiga kwali. Zai ɗaure notin ƙarshe, ya ajiye sifana, ya dafa gefen benci ya miƙe a kan ƙafarsa ɗaya mai rai, ya sa tsohuwar sandarsa a hammatar hagu, sabuwar a ta dama, ya sakar wa sabuwar dukkan nauyinsa. Ɗaya, biyu, uku. Sannan ya juyo ya zauna, ya ɗauko 'yar kwalbar jan farce da matarsa ta bar masa, ya ɗiga ja guda ɗaya a ƙarƙashin mariƙin, inda ido ba ya kaiwa sai an juya sandar. Shekara goma sha ɗaya yana haka, har mutanen ma'aikatar suka manta sunansa na gaskiya. Sufeto suke ce masa.

Ma'aikatar ba wata babba ba ce. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, benci takwas, fanka biyu, ɗaya tana juyawa ɗaya tana kallo. Sandunan guragu ake haɗawa a ciki. Wani babban kamfani ne ke aiko da kayan a warwatse, bututun alminiyam daban, mariƙi daban, matashin hammata daban, noti da robar ƙasa a leda, su kuma su haɗa, direba ya kwasa ya kai asibitoci. Duk wanda ke zaune a kan benci a ɗakin nan akwai abin da jikinsa ya rasa. Shi Sufeto shan inna ce ta tafi da ƙafarsa ta hagu tun yana rarrafe. Maƙwabcinsa na benci, mai cusa robar ƙasa yana miƙo masa, makaho ne, kuma bakinsa ba ya hutawa daga safe har a tashi, shi ya sa aka sa masa Rediyo.

Ɗigon nan da farko don kansa yake yin sa, kada ya ruɗe tsakanin wadda ya gwada da wadda bai gwada ba. Sai wata rana babbar nas ta ɗakin masu karaya, wadda kowa ke kira Sista, ta biyo direba har ma'aikatar tana tambayar wane ne mai jan farce. Ta ce ta daɗe tana lura: duk sandar da aka dawo mata da ita tana girgiɗi, ko ta ka da mai ita, ba ta da ɗigo, mai ɗigo kuwa ko ɗaya ba ta taɓa dawowa ba. Tun daga nan in kwali ya zo sai ta juya sandunan ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu ɗigo ta ajiye wa tsofaffi da masu jiki. Ranar Sufeto ya kasa cin abincin rana don daɗi, Rediyo kuma ya yi mako guda yana shela wai Sufeto ya yi budurwa a asibiti.

Wata Litinin Manaja ya shigo da wata matashiya mai tabarau, allon rubutu a hannunta, ƙaramin agogo rataye a wuyanta, irin wanda ake danna wa kai ya fara ƙirga daƙiƙa. Manaja ya tafa hannu, sifanoni suka yi shiru.

"Sabon tsari ya zo daga sama," ya ce. "Daga wata mai kamawa, kowa za a biya shi gwargwadon abin da hannunsa ya fitar. Za a auna mutum mai cikakkiyar lafiya, abin da ya yi a awa guda shi ne ɗari. Wanda ya yi rabin haka, rabin albashi. Ba a cuci kowa ba. Wannan Malamar ita za ta auna ku."

"Wanda bai kai rabin ba fa, Yallaɓai?" Rediyo ne, wa zai tambaya in ba shi ba.

"Har kashi arba'in ana tafiya da mutum. Wanda ya gaza arba'in..." Manaja ya kalli taga, bai ƙarasa ba.

Ba wanda ya nemi ya ƙarasa. Ta tagar ana hango wani ɗaki a ɗaya gefen fili, wanda a takarda yake da dogon suna mai daɗin ji, amma ma'aikatan Ɗakin Talabijin suke ce masa. Nan ake kai waɗanda aka ce ba za su iya aiki ba. Kujerun roba ne a jere, a ba mutum shayi da safe, a kunna masa talabijin, da la'asar 'yan uwansa su zo su ɗauke shi. Babu albashi, babu benci, babu mai tambayarka sifana.

Mai cikakkiyar lafiyar da aka samo shi ne direba, ƙato mai wuya kamar turmi, wanda bai taɓa haɗa sanda ba sai da aka koya masa kwana biyu. Malama ta danna agogo, ya dira wa aikin kamar ana binsa da bulala. Cikin minti goma sha biyar ya haɗa biyar. Ta ninka sau huɗu, ta rubuta ashirin a awa, ta ja layi a ƙasa. Direba ya fita yana haki, ya kwankwaɗi ruwa, ya miƙe a bayan motarsa har azahar.

"Malama," Rediyo ya ce, "ɗarin taku fa ga shi can yana minshari. A tashe shi ya yi mana haka har yamma mu ji."

Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushi, amma lambar ba ta goge ba.

Ranar Laraba layi ya zo kan Sufeto. Ta jawo kujera ta zauna a bayansa, ta danna agogo. Ya yi aikinsa yadda ya saba, ba sauri ba nawa. Ya ɗaure, ya miƙe, ya taka uku, ya dawo, ya ɗiga. A sanda ta huɗu ya ji wani abu a taku na uku, ya zauna ya kwance notin gaba ɗaya, ya sake zaunar da shi. Da agogo ya yi ƙara, sanduna bakwai ne jingine a jikin bencinsa.

Malama ta daɗe tana kallon allonta kafin ta yi magana.

"Baba, zan tambaye ka. Tashin nan da kake yi kana zagayawa, ciwo ne ke sa ka? In ciwo ne, akwai gurbin da zan rubuta."

"Ba ciwo ba ne, 'yata. Gwadawa nake yi."

"Gwaji ba ya cikin takardar aikin." Ta juyo masa da allon. "Ka ga matakan, shida ne, na ƙarshe shi ne sakawa a kwali. Kamfanin da ya aiko kayan ya riga ya gwada su."

"Ya gwada bututu, ya gwada noti. Bai gwada ɗaurina ba." Ya ɗauki noti guda ya ɗora a tafin hannu. "Kin ga wannan ɗan abin? Munafuki ne. A hannu zai nuna miki ya ɗauru tam. Taku na farko shiru, na biyu shiru. Sai ya ji nauyin mutum sau uku sannan yake faɗin gaskiya."

Ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa, ya nuna mata giɓin haƙora biyu. Ya ce yana ɗan shekara ashirin aka ba shi sabuwar sanda fil a leda, kwana huɗu da karɓarta ta ninke a ƙarƙashinsa a kan matakalar asibiti, ya gangara hawa tara da fuska. Wanda ya haɗa ta ma cikakken mai lafiya ne, kuma yana jin ya yi ashirin a awa.

"Na fahimta, Baba. Wallahi na fahimta." Ta cire tabarau ta murza ido. "Amma ba ni da inda zan sa wannan. Bakwai cikin ashirin, kashi talatin da biyar ke nan."

Rediyo ya daina cusa roba.

"Doka ta ba ni damar sake aunawa sau ɗaya," ta ce a hankali. "Zan dawo Laraba mai zuwa. Minti uku da rabi kake kashewa a kowace sanda wajen tashi da zama. In ka bar shi, za ka wuce hamsin cikin sauƙi. Hannunka ya fi na direban tsafta, ni na gani."

Ba muguwa ba ce, abin da ya fi ciwo ke nan. Da muguwa ce, da ya samu wanda zai tsana ya huta. Yarinya ce mai ladabi, har durƙusawa ta yi ta ɗauko masa notin da ya gangara ƙarƙashin benci, sannan ta wuce benci na gaba da agogonta.

A gida ya tarar da Yaya a kan gadon falo, ƙafarta ta dama a kan matashi biyu, gwiwar ta kumbura suntum. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ita ta goya shi zuwa makaranta shekara shida, tun tana iyawa har ƙafafunsa suka fara jan ƙasa a bayanta. Yanzu gwiwar ta gaji, likita ya sa ranar aiki nan da mako uku, shi ya sa suka ɗauko ta ta zauna tare da su.

"Auta, ka dawo?" ta ce. Furfura ta cika masa gemu, amma a wajenta Auta ne. "Yau na yi mafarki an gama aikin ina tafiya har kasuwa. Ka ji ko, sandata mai ɗigo nake so. Kada su ba ni ta kowa da kowa."

"Mai ɗigo za ki samu, Yaya."

Bai gaya mata komai ba. Matarsa ya samu a bayan gida tana kwashe shanyar kayan mutane da take yi wa guga, ya jingina da bango ya gaya mata duka, tun daga direba har Ɗakin Talabijin. Ba ta katse shi ba. Ta ninke zanen gado biyu kafin ta yi magana, ita dama ba ta magana da hannu a sake.

"Awa ɗaya ce fa, Baban yara. Awa ɗaya tak. Ka yi musu yadda suke so, su rubuta, su kama gabansu. Washegari ka koma takunka, in ka ga dama ka yi taku goma."

"Waɗanda zan haɗa a cikin awar fa? Mutane za su hau su."

"To kada ka sa musu ɗigo. Ka jingine su gefe, in ta tafi ka gwada su a tsanake. Ai direba ya san duk wadda ba ta da ɗigo a bencinka ba ta gama ba, ba zai taɓa ba." Ta ɗora kwandon a ƙugu, ta dube shi. "Yara biyu a makaranta, ga Yaya a kwance. Ni ban ce ka ci amanar kowa ba. Amma in suka kai ka ɗakin can, ba albashin kaɗai zan rasa ba, kai zan rasa. Na san ka."

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce, kuma dabarar ba ta da aibu ko ɗaya da zai iya nunawa.

Cikin makon nan da rana sai ya tsinci kansa a bakin taga. A kujera ta uku a Ɗakin Talabijin akwai wani dattijo da suke kira Mai Soso, wanda shekara takwas yana yanka soson matashin hammata a benci na ƙarshe, kafin shanyewar ɓarin jiki ta rage masa sauri. Fuskarsa tana kallon talabijin, amma hannunsa mai lafiya yana kan gwiwa, yatsu biyu suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi. Sufeto ya ga haka ranar Alhamis, ya sake gani ranar Juma'a. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Bai ƙara cin abincin rana a gefen tagar ba.

Laraba ta zo. Da safe ya yi aikinsa kamar kullum, da takunsa da ɗigonsa, kwalbar jan farce a buɗe a hannun damansa inda take zama. Ƙarfe goma sha ɗaya Malama ta jawo kujerarta.

"Ka shirya, Baba?"

"Bismillah."

Ta danna.

Bai taɓa sanin hannayensa suna da irin wannan gudun ba. Bututu, mariƙi, noti, sifana, matashi. Da ya gama ta farko jikinsa ya yunƙura zai miƙe da kansa, sai da ya danne cinyarsa da gwiwar hannu. Ya jingine ta, ya jawo ta biyu. Gumi ya fara shiga masa ido, bai tsaya sharewa ba. Ba ya jin fanka, ba ya jin Rediyo, wanda yau ya yi tsit kamar an cire masa batir. Ƙarar agogon kawai yake ji a bayan wuyansa, da fuskar Mai Soso da ke zuwa masa duk lokacin da ya miƙa hannu. A ta takwas ya san ya kai kashi arba'in, amma bai sassauta ba, tsoron ya riga ya karɓi linzami. Noti ɗaya ya ɗan yi masa gardama a ta tara ko ta goma, ya murɗe shi da ƙarfi ya wuce. Zai dawo kansa, ai duk za su jira shi a gefe.

Agogo ya yi ƙara.

"Goma sha biyu," Malama ta ce cike da murna. "Kashi sittin, Baba. Sittin!"

Benci na baya suka tafa. Manaja ya leƙo, ya ce ya taho ofis yanzu ya sa hannu kafin Malama ta tafi. Sufeto ya ɗauki sandunansa ya bi su, rigarsa manne da bayansa. A ofis aka ba shi kujera mai laushi da ruwan sanyi, aka karanta masa takarda shafi uku, ya sa hannu wuri huɗu. Abin ya ci kusan minti arba'in.

Da ya dawo, jikin bencinsa wayam.

"Ina sandunan da na jingine nan?"

"Direba ya kwashe," in ji mai ɗinkin matashi daga benci na gaba. "Ya juya su ya ga ɗigo, ya zuba a kwali. Tuni ya fita."

"Wane ɗigo? Ban sa musu ɗigo ba."

Rediyo ya ajiye robar da ke hannunsa, ya juyo da fuskarsa wajen muryar abokinsa. Babu wasa a bakinsa ko kaɗan.

"Sufeto, ni ban da ido, amma ina da hanci. Sau goma sha biyu na ji warin jan farce. Taku kuwa ko ɗaya ban ji ba."

Sufeto ya dubi hannunsa na dama. Ga sabon ja a gefen babban yatsa. Ya dubi kwalbar, burushinta a tsaye a ciki, ba yadda ya bar shi da safe ba. Shekara goma sha ɗaya hannun yana ajiye sifana ya ɗauki burushi, yau Sufeto ya danne ƙafar ta zauna, amma ba wanda ya gaya wa hannun an canza tsari.

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In yi magana agogo na tafiya? In ce me, a gaban Malama? Na ɗauka za ka dawo ka tarar da su." Rediyo ya sunkuyar da kai. "Da direba ya zo ina bayi. Ka yafe ni."

Ya kira direba a waya, sai a kira na huɗu ya ɗauka, ƙarar titi cike da wayar. Ya ce ya riga ya sauke kwali a wuri biyu, saura biyu, kuma ya haɗa su da na mako biyu da ke sito. "Duk masu ɗigo ne, Sufeto, sun fi ɗari uku. Wacce zan nemo maka a ciki?"

Ya koma ofis. Manaja ya saurare shi har ƙarshe, yana juya biro a yatsu.

"Sandunan sun cika matakai shida?"

"Sun cika, Yallaɓai, amma..."

"To sun cika. Irin su sauran benci bakwai ke fitarwa kullum, ba a kama kowa ba. Kada ka je ka tayar mana da maganar da za ta sa asibiti ya soke kwangila, mutum goma sha shida ke ci a nan." Ya sassauta murya. "Kuma bari in gaya maka tun yanzu, sittin ɗin nan ba ta rana ɗaya ba ce. Abin da ka sa wa hannu ke nan. Duk mako za a duba abin da bencinka ya fitar, in ya sauka a sake auna ka. Sha biyu a awa, kullum."

Da yamma ya ciro kwalbar daga aljihu ya miƙa wa matarsa. Ta dubi kwalbar, ta dubi fuskarsa, ya gaya mata a taƙaice. Ba ta kare dabararta ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba. Ta ɗora kwalbar a kan taga, ta koma kan gugarta, ta daɗe tana goge hannun riga ɗaya.

Daga ranar bencin Sufeto ya zama kamar kowane benci. Sha biyu a awa, wani lokaci sha uku. Ba ya tashi sai zai kama ruwa. Sunan dai ya bi shi, amma masu kiransa sun rage ɗaga murya. Sau biyu ya nemo lambar Sista a waya ya zuba mata ido, sau biyu ya mayar da wayar aljihu. Kunya ce ta hana shi, da maganar mutum goma sha shida, kuma shi kansa bai san wacce ta fi nauyi ba.

Aka yi wa Yaya aiki lafiya. Kwana huɗu bayan haka aka ce za a fara tayar da ita, ya nemi izinin rabin yini ya tafi. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere hagu da dama, ƙafafu a naɗe da farin bandeji. Ya tarar da ita zaune a bakin gado, ta rame amma idonta garau, sanduna biyu sababbi jingine kusa da ita. Sista na tsaye tana gyara mata matashi.

"Ga mai jan farce!" Sista ta ce. "Kai, lafiya kuwa? Kwalin da ya zo wannan makon na juya su kaf, babu ɗigo ko ɗaya. Ko jan farcen ne ya ƙare in saya maka?"

"Ya kusa," ya ce.

"To Allah ya so na ɓoye wa Yaya waɗannan biyun daga na wancan zuwan. Na ce ƙanenta ne ya haɗa, ai ita ta fi kowa cancanta."

Yaya ta juya ɗaya ta nuna masa ƙarƙashin mariƙin, tana murmushi da dukkan fuskarta. "Ka gani, Auta? Da na ga jan nan sai hankalina ya kwanta. Na ce ko rufe ido na yi zan taka."

"Kawo in gani, Yaya."

Ya jingine tasa sandar ta dama a jikin gado, ya sa ta farko a hammata. Ɗaya, biyu, uku. Shiru. Ya dawo ya karɓi ta biyu.

"Oh, Sufeto," Sista ta yi dariya, "ko aikin kanka ba ka yarda da shi ba?"

Ɗaya. Biyu. A na uku ya ji shi. Ba ƙara ba ce da kunne zai kama, ɗan motsi ne, ƙas, ya hau bututun ya tsaya masa a hammata. Sista ba ta ji ba, Yaya ba ta ji ba. Shi kuwa ya ji shi sarai. Ya zauna a kujerar mai jinya, ya ciro sifana daga aljihu, ya ɗora a kan notin ƙasa. Notin ya juya ba gardama, ya zauna a karkace tun farko. Ya kwance shi, ya hura ramin, ya zaunar da shi daidai, ya ɗaure. Ya sake miƙewa ya taka uku, ya ƙara uku.

"Me ya faru, Auta?"

"Ba komai, Yaya. Tsayin nake daidaita miki."

"Allah ya yi maka albarka. Tun kana ƙarami ba ka iya ha'inci ba."

Ya miƙa mata sandar bai dube ta ba. Ɗaya ke nan cikin sha biyu. Ya mayar da sifana aljihu.

"Sista," ya ce, "sauran masu ɗigon da suka zo tare da waɗannan, suna ina?"

"Ai tuni suka ƙare. Rububinsu ake yi, yanzu har marasa lafiyar sun san zancen, kowa mai ɗigo yake tambaya. Na ƙarshe yanzun nan na ba wani dattijo da aka sallama, ɗansa ya tura shi a keke. Me ya faru?"

Ya ɗauki sandunansa ya fita baranda. Doguwa ce, an goge ta tana sheƙi, mutane na kai da kawowa. Can ƙarshenta ya hango keken marasa lafiya a bakin babbar ƙofa, wani dattijo mai jiki a ciki, sanduna biyu kwance a kan cinyarsa. Ɗan ya danne ƙofar da kafaɗa ta buɗe, hasken rana ya shigo, a bayanta matakala ta gangara zuwa inda motoci ke tsayawa.

Sufeto ya fara sauri, irin saurin da mai ƙafa ɗaya zai iya a kan daɓe mai santsi. Ya buɗe baki zai yi kira, bai san sunan da zai kira ba. "Baba!" ya ce, dattijai uku a kan bencin jira suka waiwayo, ban da wanda yake nufi.

Dattijon ya dafa hannun keken ya miƙe. Ya juya sandar dama ya leƙa ƙarƙashin mariƙin, ya nuna wa ɗansa, suka yi murmushi. Ya cusa su a hammata, ya ture hannun da ɗan ya miƙo masa, ya fuskanci matakalar.

Sufeto ya tsaya cak a tsakiyar barandar, yana ƙirgawa a ransa. Ɗaya. Biyu.

Ɗan ya saki ƙofar, ta dawo ta rufe a bayansu.